Asalin kalmar "tiger" ta Turanci da ma'anonin da ta tara

Tambaya: Malam, tun muna firamare aka koya mana cewa "tiger" ita ce damisa, sai ga shi kwanan baya wani ya ce mini babu wannan dabba a Afirka gaba ɗaya. Shin daga ina Turawa suka samo kalmar, me ya sa ake laƙaba ta ga aya da kifi da janareta, kuma gaskiya ne cewa daga sunan kogin Tigris aka ciro ta?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka bai yi kuskure ba, shi kuma malaminka na firamare bai ha'ince ka ba, domin abin da ya tarar a littafi shi ya koyar. Dabbar da Bature yake nufi idan ya ce "tiger" babbar kyanwar daji ce ta nahiyar Asiya, mai gashi ja-ja da ratsin baƙi da ya sauko daga gadon bayanta zuwa ciki, kuma a yau ana samunta a dazuzzukan Indiya da Nepal da Bangladesh da tsibirin Sumatra da gabashin Rasha da wasu 'yan wurare da ke tsakaninsu. Ba ta cikin namun dajin Afirka, sai dai wadda aka kawo gidan zu. Damisar da Bahaushe ya sani, wadda ake yi wa kirari da "ƙi sabo", mai rodi-rodi ce, kuma ita ce Turawa ke kira "leopard". Bambancin bai tsaya ga zanen jiki ba, domin ƙosasshen namijin ta Indiya yakan haura kilo 200, alhali da wuya namijin damisarmu ya kai kilo 90. Don kada magana ta cuɗe mana, zan riƙa kiran ta Asiya da "taiga" kamar yadda bakinmu ya saba furta sunan, in bar "damisa" ga tamu ta gida.

Salsalar kalmar a bayyane take har zuwa wani zango. A Turancin dā, wanda ake yi kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, ta bayyana a rubuce-rubucen malaman coci na wajen shekara ta 1000 a siffar jam'i, wato "tigras", kuma kai tsaye daga littattafan Latin suka ɗauko ta. Bayan zuwan Normawa, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, sai siffar Faransanci ta "tigre" ta shigo ta ƙara wa kalmar gindin zama. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, "tygre" yake rubutawa, kuma sai daga baya ne Ingilishi suka juya haruffa biyun ƙarshe suka daidaita a kan "tiger". Faransanci ya gaji tasa daga "tigris" ta Latin, su kuwa Rumawa aro suka yi daga Girkawa, waɗanda su ma "tigris" suke cewa.

Furucin ne ya fi canzawa. A zamanin Chaucer wasalin farko dogon "ii" ne, kusan kamar a ce "tiigre". Tsakanin shekarun 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka gusa daga mazauninsu ba tare da rubutu ya bi su ba, dogon "ii" ya koma "ai", kuma abin da ya sami wannan kalma shi ya sami "time" da "wine". Shi ya sa Bajamushe yake rubuta kalmar harafi da harafi kamar Baturen Ingila amma ya ce "tiiga", ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci kuma ya ce "tigr", na Kano ya ce "taiga". Cikin ukun, na Kano ne ya fi nisa da furucin asali, kuma laifin na Ingilishi ne.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne cewa sunan ya riga dabbar isa Turai da shekaru masu yawa, kuma kusan duk wata rikita-rikita da ke tattare da kalmar daga nan ta samo tushe. Aristotle, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin Miladiyya, ya ambaci "tigris" a littafinsa na dabbobi, amma abin da ya kawo jita-jita ce cewa karnukan Indiya barbarar taiga da kare ne. Nearkus, shugaban rundunar ruwan Iskandar Mai Girma a yaƙin Indiya, ya faɗi gaskiya cewa fatarta kawai ya gani, bai ga dabbar ba. Daga baya Sarki Selukus na Ɗaya ya aika da guda ɗaya birnin Atina, har masu wasan barkwanci na garin suka riƙa ambatonta a dandali. A Rum ma, sai a zamanin Sarki Augustus jama'a suka yi ido huɗu da ita, lokacin da jakadun Indiya suka kawo masa ita cikin kayan gaisuwa, sannan aka nuna wata horarriya cikin keji a bikin buɗe gidan wasa na Marcellus. Ka ga ke nan mutanen da suka miƙa wa Turai wannan suna, mafi yawansu labari suka ji.

Tunda Girkawa ba su da dabbar, dole sunan baƙo ne a bakinsu, kuma a nan ne salsalar ta shiga duhu. Bayanin da ya fi shahara tsoho ne ƙwarai. Varro, masanin harshen Latin da ya rasu a shekara ta 27 kafin Miladiyya, ya siffanta taiga da cewa kamar zaki take mai zane, wadda har zuwa lokacinsa ba a iya kama ta da rai ba, sannan ya ce sunan daga harshen Armeniya ya fito, inda ake kiran kibiya da kuma kogi mafi ƙarfin gudu da "tigris". Strabo mai labarin ƙasa da Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, sun kawo magana makamanciyar wannan game da kogin, sai dai su sun jingina kalmar kibiyar ga Mediyawa, 'yan'uwan Farisawa. Isidore na Sabiliya, wanda ya rasu a 636, ya kwafe bayanin a kundinsa na asalin kalmomi, kuma daga gare shi malaman Turai suka yi ta karɓa suna miƙawa har shekaru dubu: taiga dabba ce mai gudu kamar kibiya, don haka aka sa mata sunan kibiya.

Maganar ba shaci-faɗi ba ce gaba ɗayanta, domin akwai irin wannan kalma a tsofaffin harsunan Iran. A harshen Abesta, wanda aka rubuta littafin addinin Majusawa da shi, "tighri" kibiya ce, "tighra" kuma abu mai tsini ko kaifi. A rubutun da Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya yi mulki daga 522 zuwa 486 kafin Miladiyya, ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu, an lissafa wata ƙabila da ake kira "Saka tigrakhauda", wato Sakawa masu hula mai tsini. Har gobe Bafarishe yana kiran kibiya "tir", abu mai kaifi kuma "tiz". Masu kwatanta harsunan Indiya da Turai suna mayar da waɗannan duka ga wata tsohuwar saiwa mai ma'anar suka ko tsirewa, wadda ita ce ta haifi "stigma" ta Girkanci, tambarin da ake yi wa bawa ko mai laifi a jiki, da "stick" ta Turanci. Idan bayanin Varro ya tabbata, to "tiger" da "stick" 'yan gida ɗaya ne da suka rabu tun fil azal suka sake haɗuwa a Ingila ba su gane juna ba.

Sai dai akwai cikas, kuma ba ƙarami ba ne. Mutanen da aka ce su suka raɗa sunan ba da shi suke kiran dabbar ba. Bafarishe "babr" yake cewa, Ba'armene "vagr", a Sanskrit "vyaghra" ce, daga nan ne kuma "bagh" ta Hindi ta fito. Ba a sami wani rubutu na harshen Iran da aka kira dabbar kanta da kalmar kibiya ba. Ga kuma ɗabi'arta: taiga ba ta kora mai nisa, saɗaɗawa take yi cikin ciyawa har ta matso sannan ta yi tsalle guda, wanda duk ya zauna kusa da ita ya san haka. Saboda wannan ne ƙamusoshin kirki suke sa kalmar "wataƙila" kafin su kawo labarin kibiya, wasu masanan kuma suka tafi a kan cewa Girkawa sun ari sunan daga wani harshen Gabas, daga baya marubuta suka ji ya yi kama da kalmar kibiya suka ɗinke su wuri ɗaya. Ni a nawa ganin, a koyar da labarin kibiya a matsayin zato mai ƙarfi da ya daɗe a hannun malamai, amma malamin da ya rubuta shi a allo kamar yadda yake rubuta biyu da biyu huɗu ya wuce gona da iri. Mu ma muna da irin wannan a gida: sau nawa ka ji an warware sunan gari da wata jimla da aka ce wani mafarauci ya furta, alhali kamar sauti ce kawai ta haifi labarin?

Batun kogi ya fi sauƙin yankewa. Kogin da Turawa ke kira Tigris shi ne Dijla, wanda ya taso daga duwatsun gabashin Turkiyya ya ratsa Mausil da Bagadaza kafin ya haɗu da Furat. Sunansa ya girmi Girkawa da Farisawa baki ɗaya. A cikin tsofaffin al'ummun Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, Sumeriyawa suna ce masa "Idigna", Akkadiyawa "Idiƙlat", a Ibrananci "Hiddekel" ne kamar yadda ya zo a Littafin Farawa, Larabawa suka ce "Dijla", Turkawa "Dijle". Da Farisawa suka karɓi sunan sai ya zama "Tigra" a bakinsu, wanda ya zo daidai da kalmarsu ta abu mai tsini, Girkawa kuma suka ɗauka daga gare su suka ƙara masa ƙarshen da suke ƙara wa sunaye. Ta haka kogi da dabba suka wayi gari da suna guda a Girkanci da Latin. Dijla kogi ne mai saurin gudu idan aka gwada shi da Furat, don haka labarin kibiya ya zauna masa daram, amma tsatson sunansa na Mesofotamiya ne, kuma babu hujjar cewa an ciro sunan dabbar daga na kogin ko na kogin daga na dabbar.

Taigar da Rumawa suka fi ji labari ba ta Indiya ba ce, ta Hirkaniya ce, yankin da ke kudu maso gabashin Tekun Kasfiya, wajen Gorgan ta Iran a yau. Mawaƙansu sun mayar da ita ma'aunin rashin imani, har a waƙar Virgil sarauniyar da masoyinta ya gudu ya bari take ce masa taigogin Hirkaniya ne suka shayar da shi. Shakespeare ya gaji wannan salon ya yi amfani da shi. Irin taigar wannan yanki ya ƙare a ƙarni na 20, sunanta kawai ya rage a cikin waƙoƙi.

Da daular Rum ta rushe, dabbar ta ɓace wa Turawan Yamma, sai suna da tatsuniya suka rage. Littattafan dabbobi na tsakiyar zamani sun yi ta maimaita wani labari: mafarauci yakan saci 'ya'yan taiga ya gudu a kan doki, uwar ta biyo shi da gudun iska, idan ta kusa cim masa sai ya jefa mata ƙwallon gilashi, ta leƙa ta ga 'yar ƙaramar siffarta a ciki ta ɗauka ɗanta ne, ta tsaya lallashinsa har ɓarawon ya tsere. Masu zanen waɗannan littattafai sukan zana ta da ɗige-ɗige, wani lokaci shuɗiya, tana kallon madubi. Masu tsara tambarin gidajen sarautar Ingila kuwa sun ƙago wata halitta da suka kira "tyger", mai jiki kamar na kyarkeci, da wutsiyar zaki, da wani ƙaho a kan hanci, ba ta da ratsi ko ɗaya. Da aka san dabbar gaskiya, sai aka bar wa ta tambari tsohon rubutunta mai "y", aka kira ta gaskiyar "Bengal tiger" don a rarrabe. Wannan tsohon rubutu ne William Blake ya zaɓa wa shahararriyar waƙarsa ta 1794, a lokacin da rubutu mai "i" ya riga ya fara rinjaye. A ɓangaren kimiyya, Linnaeus ya sa mata "Felis tigris" a 1758, sannan Reginald Pocock ya mayar da ita rukunin manyan kyanwoyi a 1929 da sunan "Panthera tigris", wanda ake amfani da shi har yau.

Sunan da mai shi ba ya kusa, kowa yana iya ara, kuma haka aka yi. Da Sifaniyawa da Fotugisawa suka isa nahiyar Amurka suka ga wata babbar kyanwa mai rodi-rodi, wadda ake kira "jaguar", sai suka ce mata "tigre", kuma har yau manoman Meziko da Kolombiya haka suke kiranta. Turawan Holan da suka zauna a kudancin Afirka sun kira damisa "tijger", abin da ya bar tabo a sunan tsaunin Tygerberg da ke kusa da birnin Kef. A tsibirin Tasmaniya an laƙaba sunan ga wata dabba mai kama da kare, mai ratsi a gadon baya, wadda ba ta ma cikin dangin kyanwa, domin a jakar ciki take rainon 'ya'yanta kamar kangaru. Ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan zu na Hobart a watan Satumba na 1936. A Afirka ta Yamma ma an daɗe ana kiran damisa "tiger" a Turancin kasuwa da na makaranta, shi ya sa ake yawan fassara "agụ" ta Ibo da "ẹkùn" ta Yarbanci da ita, alhali damisa suke nufi. Wannan gado ne malaminka ya miƙa maka. Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne: a Larabcin littafi "namir" damisa ce, taiga kuma "babr" wadda aka aro daga Farisanci, amma yawancin Larabawan yau "nimr" suke ce wa dukansu, a Indiya kanta kuma "sher" tana ɗaukar zaki tana ɗaukar taiga.

Ma'anonin aro da kalmar ta tara a Turanci, idan ka bi su, ko dai daga halin dabbar aka ciro su ko daga zanen jikinta. Na hali su suka fara. Tun ƙarni na 16 ana kiran mutum mara tausayi da wannan suna. A wani wasa na Shakespeare an ce wa Sarauniya Margaret tana da zuciyar taiga naɗe cikin fatar mace, sai a 1592 wata ƙasida da aka buga da sunan Robert Greene ta juya maganar ta yi wa Shakespeare ɗin kansa habaici da cewa zuciyar taiga ce naɗe cikin fatar ɗan wasa. Wannan zambo yana cikin shaidu na farko da aka buga da ke nuna ya fara suna a Landan, ka ga ashe hassada ga mai rabo taki ce. A ƙarni na 17 aka samar da "tigress" don tamata, ba a jima ba kuma aka fara jifan mace mai zafin rai da ita. Sannu a hankali zagin ya rikiɗe ya zama yabo. Tipu Sultan na Maisur, wanda ya mutu yana yaƙar Ingilishi a 1799, da kansa ya ɗauki dabbar ta zama tambarinsa, har aka ƙera masa wani mutum-mutumin katako na taiga tana danne da sojan Bature, mai na'ura a ciki da ke fitar da gurnani da kuka, wanda yanzu yake gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Faransawa sun yi wa firaministansu na ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Georges Clemenceau, laƙabi da "le Tigre". Daga nan ƙofa ta buɗe ga tankar yaƙin Jamus ta 1942, da 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka da aka murƙushe a 2009, da ƙungiyoyin wasa barkatai, ciki har da D'Tigers na ƙwallon kwandon Nijeriya da suka ci kofin Afirka a 2015 da takwarorinsu mata D'Tigress, ƙasar da ba ta da taiga ko ɗaya a dajinta. Wole Soyinka ma da wannan dabba ya yi wa masu aƙidar Negritude, ta alfahari da baƙar fata, gatse a farkon shekarun 1960, inda ya ƙirƙiri kalmar "tigritude" ya ce taiga ba ta shelar taigancinta, kai farmaki take yi.

Janaretan da ka tambaya, da batir da reza masu wannan suna, duk a wannan layi suke. Ɗan kasuwa yana son mai saye ya ji ƙarfi da kaifi a cikin sunan kayansa tun kafin ya gwada, kamar yadda kamfanin mai na Esso ya cika duniya a shekarun 1960 da tallan cewa ka zuba taiga a tankin motarka. Ƙaramin janaretan nan da ake ja da igiya, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ya yi ta hayaƙi a ƙofar shagon aski yana ɗauke da fanka ɗaya da ƙwai biyu da askar lantarki, ba shi da wata alaƙa da dajin Bengal face hoton da aka manna masa. Sunan kamfani ne ya bi bakin mutane har ya zama sunan kowane janareta mai wannan girma.

Aya kuwa ta ɓangaren zane ta shigo. Ka ɗauki busasshiyar aya guda ɗaya ka duba ta da kyau kafin a jiƙa ta don kunu, za ka ga wasu siraran zobba sun kewaye ɓawonta, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne waɗannan layuka ne suka sa aka ce mata "tiger nut", ko da yake ita ba 'ya'yan itace ba ce, saiwar ciyawa ce. Kifin tsage da masunta ke kamawa a Neja da Binuwai da Tafkin Chadi ya haɗa dalilan biyu, domin ga layuka a gefen jikinsa ga kuma haƙora a waje masu tsinka koma. Haka aka sami wani sauro mai ratsin fari da baƙi da ke yaɗa zazzaɓin dengi, da wani kifin shak, da wata fure, da wani dutsen ado mai ruwan zuma da ake kira idon taiga, duk da wannan suna a gabansu. A Ingila ta farkon ƙarni na 19 har yaron da ke tsayawa a bayan keken dokin attajiri cikin kayan aiki ana ce masa "tiger", kuma galibi ana danganta hakan da 'yar shararsa mai ratsin rawaya da baƙi. Amurkawan wancan ƙarni sun ƙara nasu: ihun da ake rufe tafi da shi bayan an yi jinjina sau uku, da "blind tiger" wato gidan da ake sayar da giya a ɓoye, da kuma taigar da mai zanen barkwanci Thomas Nast ya mayar alamar 'yan siyasar Tammany masu wawure dukiyar birnin New York a zanensa na 1871.

Kashi na ƙarshe da ya shigo Turanci daga Sin ya zo, inda taiga ce sarkin dawa kamar yadda zaki yake a wurinmu. "Paper tiger" fassara ce kalma da kalma ta wani tsohon karin maganar Sinanci, wadda ta fara shiga littattafan Turanci a farkon rabin ƙarni na 19, amma Mao Zedong ne ya yayata ta a duniya lokacin da ya gaya wa 'yar jaridar Amurka Anna Louise Strong a watan Agusta na 1946 cewa bam ɗin nukiliya da duk 'yan mazan jiya taigogin takarda ne. Haka nan maganar hawan taiga, wadda asalinta ke cewa wanda ya hau bayanta sauka ce ke yi masa wuya. Shugaba Kennedy ya yi amfani da ita a jawabinsa na kama mulki a 1961, inda ya ce waɗanda suka nemi mulki ta hanyar hawa bayanta a cikinta suka ƙare. Da tattalin arzikin Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong da Singafo ya yi tashin gwauron zabo aka kira su taigogin Asiya huɗu, a 1994 aka ara wa Ayilan sunan aka ce mata "Celtic Tiger", a 2011 kuma littafin Amy Chua ya yaɗa "tiger mother", wato uwar da ke tsananta wa 'ya'yanta a kan karatu ba sani ba sabo.

Ga mai fassara zuwa Hausa, wannan tarihi yana da amfani a aikace. Idan maganar kimiyya ce ko labarin namun daji, "damisa" ita kaɗai za ta ɓatar da mai sauraro, gara a ce "damisar Asiya mai ratsi" a karon farko sannan a ci gaba da "taiga". Idan tsohon rubutu ne na Turawan mulkin mallaka ko tatsuniyar kudu da aka rubuta da Turanci aka ce "tiger" ta kama akuya a bayan gari, to damisa ce, a fassara ta da sunanta. Idan kuwa karin magana ne, dabbar ba ta da muhimmanci ko kaɗan: "damisar takarda" da ake ji a wasu labarai ba ta isar da saƙon kamar "kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi" ko "holoƙo hadarin kaka", wanda ya hau taiga kuma mu a wurinmu yana tsaka mai wuya ne, gaba kura baya sayaki.

Rubuta kalmar da "taiga" yana jawo wani ruɗani da ya kamata ka sani, domin akwai wata kalmar "taiga" a littattafan labarin ƙasa, sunan ƙungurmin dajin sanyi da ya shimfiɗu a arewacin Rasha da Kanada. Wannan ta shigo Turanci ne daga Rashanci, Rashawa kuma suka karɓe ta daga harsunan mutanen Saiberiya, ba ta haɗa komai da "tigris" ta Girkawa ba, duk da cewa taigar yankin Amur a gefen wannan daji take zaune. Haka ma yankin Tigray na Habasha da al'ummar Tigre ta Eritiriya, sunayensu daga harsunan yankinsu suka fito, kamar sauti ce kawai ta haɗa su da dabbar.